Ɗakunan Yumɓun Kakata

Jiya maƙwabciyata ta ƙona ƙaiƙayin shinkafa, ƙaurin ya biyo ni har kicin. Na tsaya da ludayi a hannu, raina ya ɓaci kamar yau aka yi abin.

Kakata maginiyar tukwane ce a Argungu, amma ba randa da tulu kaɗai take ginawa ba. Duk wanda zai yi ɗaki a unguwarmu, ita ke fara gina masa shi da yumɓun fadama, bai fi akushi girma ba, da ƙofarsa da tagoginsa. In ta gasa shi, sai ta zuba garwashi da ƙaiƙayi a ciki, ta ajiye a filin ginin, ta zauna tana kallon hanyar da hayaƙi zai bi. In ya tsaya yana kewaye a ciki, ta ce a sauya wa taga wuri. Takan ce ba a bango mutum ke zama ba, a filin da bango ya bari yake zama. Ni kuwa sai in kwanta rub da ciki in leƙa ta ƙofar, in ga inda rana ta faɗo, in ji kamar in shige. Tana jera su a dakalin bayan rumbu.

Wata shekara, bayan an cire albasa, kawuna ya taho daga Birnin Kebbi da bulo da kwano, zai gina mata ɗaki. Zo ka ga murna wurin tsohuwar nan. Mako guda ta yi tana gina nata, karon farko da ta yi wa kanta: taga biyu, ɗaya na duban gulbi. Ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya yi dariya. "Inna, wanga ai wasan yara ne. Magini na da takarda tai."

Taga ɗaya suka yi, ita ma tana kallon katangar maƙwabta. Wannan da sauƙi. Ranar daɓe cikon ƙasa ya gaza, tana kasuwa da tukwanenta, sai ya sa leburori suka kwashe ɗakunan yumɓun nan kaf, suka farfasa, suka zuba siminti a kai. Na yi kuka, ya ce in ba shi wuri.

Da ta dawo ta daɗe tana duban dakalin. "Har da nawa?" Abin da ta ce ke nan. Ba ta sake gina ko ɗaya ba. Ɗakin kuwa da bazara tanda ne; a gindin dogon yaro ta ƙare kwanakinta.

Yau ina zaune a unguwar Gesse a Birnin Kebbi, gidajenmu duk zubi ɗaya, da an ɗauke wuta kowa ya fito waje da mafici, babu mai tambayar ta ina iska za ta bi. Kawu ya tsufa. Har yanzu in baƙi suka zo sai ya nuna musu ɗakin da ya gina wa uwarsa, su ce Allah ya yi masa albarka. Ni dai ban taɓa cewa amin ba.