Mai Fenti da Fararen Kujeru

Matar da ta kawo motarta gyara ta kasa ɗauke ido daga kan mai fenti. Dattijo ne, gemunsa duk yayyafin shuɗi, takunkumi rataye a wuyansa. Yana zaune kan tsohuwar taya, yana tari a hankali, yana murza gwiwa. Da ganinsa, yana nan tun garejin yana rumfa ɗaya, kafin ya zama kamfani.

A bayansa ga sabon ɗakin hutun ma'aikata, da fanka da fararen kujeru, ba kowa ciki.

Manaja ya leƙo. "Baba, don ku fa aka yi ɗakin nan."

Dattijon ya dubi wandonsa. "Na sani, ɗana. Amma kujerar da na zauna a kai sai an sake mata fenti, kuma ni za a ba aikin."