Tulun tagullar da muka dirje

Jama'a, yau wani ya zo sayen dattin gidanmu!

Kun san tulun tagullar nan na ɗakin Inna, mai hoton mace da furanni sun nannaɗe gashinta? Wanda kakanmu ya samo wurin Baturen auduga? Wanda duk jikinshi ya yi koren datti? To shi!

Da hantsi wani mutum ya yi sallama, mota fes, wai a kasuwar Yankara aka kwatanta mashi gidanmu. Wa ya kwatanta? Ya ƙi faɗa! Na fito mashi da tulun zuwa zaure. Ya juya shi, ya haska gindin da waya, ya ce aikin Faransa ne, ya haura shekara ɗari. Zai dawo da la'asar ya saya da daraja. Sai ya ce, "Don Allah kada a wanke shi." Sau uku ya faɗa!

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Mi ke ƙarƙashin koren nan da bai so mu gani? Ko zinari ne?"

Wallahi ni ma ban yarda da shi ba. Muka samo toka da lemun tsami, muka dirje tulun har yana ɗaukar ido. Ba zinari, ba komai!

Mutumin ya dawo. Yana gani ya dafe kai. "Innalillahi! Koren nan shi ne shaidar tsufanshi. Shi nake saye!" Ya ja motarshi.

Na ce, "Inna, mun yi asara."

Ta ce, "Bar ta asara. Baƙo daga Yankara ya san abin da ke bayan gadona. Nemo mani wanda ya gaya mashi!"