Mazari da Matajin Haske

Ɗan gwaggona ne, kuma ni na raɗa masa suna Mazari, don tun muna yara bai taɓa zama guri ɗaya har shayi ya huce ba. Yana cin abinci ƙafa na rawa, yana barci yatsu na motsi. Sai ga shi Allah ya kai shi aiki a ɗakin da ko tari ka yi sai an harare ka.

Shekararsa goma sha huɗu yana mai kula da na'urori a ɗakin binciken jami'a. Aikinsa haɗa zaren gilashi, siriri kamar gashin jariri, wanda wani haske mai ƙarfi da ake kira leza ke zagayawa a ciki. In zaren ya kwanta daidai, sai layuka su jeru a allon kwamfuta reras, kamar haƙoran mataji. Da wannan matajin suke auna launin haske. Ni da na tsaya a aji uku na ce masa, “Ƙato da kai, shekara goma sha huɗu kana taje fitila?” Ya jefe ni da takalmi.

Abin da ke cin ransa ɗaya ne. An buga takardun bincike sun fi gashin kaina yawa daga ɗakin nan, babu ko ɗaya mai sunansa. Bana wata ɗaliba mai neman digirin dakta ta haɗa wani ruwa a 'yar kwalba, cike da ƙwayoyin da ido ba ya gani, in an haska su sai su yi ja kamar garwashi. Amma kwana huɗu kacal suke yi su dushe. Farfesa, shugaban ɗakin, ya ce in aka auna haskensu da matajin kafin su mutu, sunan Mazari zai hau takarda.

Teburin Mazari kuwa, ko kaza ta gani sai ta ji kunya. Zare ya bi nan, ya lanƙwasa can, salatif ko'ina. Ranar Litinin aka ce manyan baƙi za su zo. Farfesa ya shigo da sassafe, ya ga abin kunya, ya naɗe hannun riga ya nannaɗe zaren tsaf, ya share tarkace. Baƙi suka yaba. Mataji ya ɓace.

Ashe kowace lanƙwasa a wannan hargitsin da aikinta. Ka miƙe ɗaya, hasken ya yi fushi.

Ranar Talata Gwaggo ta ba ni kula in kai masa, saboda ya daina zuwa gida cin abincin rana. Na same shi yana zagaya tebur kamar akuyar da aka ɗaure da gajeren igiya. Ɗalibar na tsaye rungume da kwalbarta, minti biyar biyar tana haska ta.

“Yallaɓai, ta fara yin ruwan hoda fa,” ta ce.

“Na ji, Dakta. Daina numfashi a kan teburina.”

Farfesa ya leƙo. “Wai me ya same shi ne? Jiya lafiya lau na gyara wurin.”

Mazari ya ce, “Sanyin ɗaki ne, ranka ya daɗe.”

Da Farfesa ya fita na ce, “Matsoraci. Ka ce masa shi ne mana.”

“Ajiye kular ka kama gabanka, jahili. Wa zai sa hannu a takardar, kai?”

Ban tafi ba. Ina kallo ya kashe fitilar ɗaki, ya kwantar da tocila a gefen tebur. Sai ga sawun tsohon salatif yana ƙyalli, ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga mayar da hargitsinsa, sawu bayan sawu. Hannun nan da ke zubar da miya a rigar mutane ya tsaya cak kamar na gunki. Ƙafar ce dai ba ta daina ba.

Har Laraba da azahar babu mataji. Saura wani zagayayyen tabo a tsakiyar tebur da ya rasa na mene ne. Ya dube shi ya fi sau dubu. Can ya zabura ya yi ɗakin shan shayi, ya dawo da wani tsohon kofi mai karyayyen hannu, wanda Farfesa ya sa aka wanke. Shekara shida zaren na zagaye da gindin kofin nan, shi kansa ya manta. Ya ɗora shi kan tabon, ya zagaye shi da zaren, ya ɗan murɗa. Haƙora suka fito, ɗalibar ta ce sai da ta zauna a ƙasa.

Ruwan ya riga ya dushe rabi, amma ya aunu.

Bayan wata biyar takarda ta fito da Turanci, sunaye bakwai, nasa ne na bakwai. Ya kawo wa Gwaggo, yana tsaye yana sauya ƙafa. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

“Ina kake a ciki?”

Ya nuna mata da yatsa.

“Can ƙarshe? To ai ko a layin asibiti na ƙarshe ma ana ganinsa. Zauna ka ci abinci.”

Ya ci a tsaye.