Darasin Rabi da Sulusi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina hedimasta a wata firamare a yankin Toranke, kuma da dorina aka fi sanina. Tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ofis, in na sauko da ita ko malamai sai sun gyara tsayuwa. Na taɓa fasa wa yaro leɓe don ya makara, washegari ubansa ya aiko mini da zabuwa yana godiya. Ban ga laifina ba a lokacin. Haka aka yi mana muka zama mutane, ice kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutum ɗaya ce hannuna bai taɓa sauka a jikinta ba, 'yata ta uku. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. A shekarar da nake ba da labari tana aji shida. Ita kaɗai ce a gidan ba ta tsorona. Da ta ji ƙarar babur ɗina za ta fito da gudu ta karɓi jaka, kafin in cire takalmi ta gama ba ni labarin unguwa kaf, har da akuyar da ta haihu da wanda aka yi wa aski ya yi kuka. Yayyenta in sun ji tarina sai kowa ya nemi lungu. Ita kuwa sai ta ce, "Baba, yau ma da fushin ka dawo? Ajiye shi a zaure." In ce wannan yarinya ita ce sanyin idona ban yi ƙarya ba.

Da korona ta shigo aka rufe makarantu, aka sa dokar kulle. Sai aka tara mu hedimastoci a wani zauren hira na waya, aka ɗora mana wata Hajiya ta riƙa yi mana jagora. Tsohuwar mai duba makarantu ce da ta yi ritaya, tana zaune a Gaya. Tsarin shi ne kowa ya naɗi darasi da muryarsa ya tura mata. In ta saurara ta amince, sai a kai wa masu cajin waya su zuba wa iyaye a memori, yadda ake zuba wa'azi da waƙa, tunda yawancin mutanenmu ƙananan wayoyi gare su. Dokarta ɗaya ce, kada darasi ya fita sai ya bi ta kunnenta.

Hajiyar nan ta ba ni wuya. Darasina na farko ta dawo mini da shi da saƙon murya: "Hedimasta, me wayar ta yi maka kake ta yi mata tsawa?" Na biyu ta ce huɗuba na yi. A na uku ta ce in zaunar da yaro kusa da ni, in tambaya ya amsa, don wanda ke saurare a gida ya ji muryar ɗan'uwansa ya saki jiki. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ranar da ta yaba wa wani saurayin hedimasta na Balan a gaban kowa, ta ce mu saurari nasa mu koya. Yaron da na girme wa da shekara ashirin! Na kwana da abin a raina.

Washegari bayan azahar na shimfiɗa tabarma a zaure na kira Uwata. Azumi ake yi, zafi kamar a bakin murhu, ba wuta, cajin wayata ya yi ja. Darasin lissafi ne, yadda ake haɗa rabi da sulusi. Muka fara, zakara ya yi cara, muka sake. Muka fara, ta yi dariya, muka sake. A karo na shida muka kai ƙarshe lafiya, ta ba da amsa daidai, biyar bisa shida, sai dai muryarta ta yi sanyi don ita ma azumin take yi. Da na tsaya a nan da ban rubuta wannan ba. Amma na ce a raina na yaron Balan ya fi wannan armashi, sai mun sake.

A karo na bakwai komai ya tafi sumul har tambayar ƙarshe.

"To Uwata, rabi a haɗa da sulusi, nawa ke nan?"

"Biyu bisa biyar."

"Sake dai."

"Biyu bisa biyar, Baba." Ta yi hamma.

Hammar nan ce ta rufe mini ido. Na yi jifa da wayar kan tabarma, na ɗaga hannun dama na sauke mata shi a kunnen hagu da duk ƙarfina. Kanta ya bugi bango. Ba ta yi kuka nan take ba, kallona kawai ta yi, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya faɗo gida ba sallama. Wannan kallo ya ƙara tunzura ni. Na fizgo igiyar da ake ɗaure tunkiya na ninka ta biyu. Na zuba mata a baya, a cinya, a hannun da take karewa da shi. Ina duka ina tambaya, nawa ne, nawa ne. Tana cewa, "Na gane, Baba! Wallahi na gane! Biyar bisa shida!" Ta faɗi amsar daidai, ban daina ba. Sai da mahaifiyarta ta shigo da gudu ta faɗa kanta, igiyar ta samu uwar a wuya, sannan hannuna ya tsaya.

Na ɗauki wayata na hau babur na nufi shagon mai caji. Ya tambaye ni ko akwai sabon darasi, mutane na ta tambaya. Na ce a raina na gaji da gyaran tsohuwar nan, yau ba zan bi ta kanta ba. Na nuna masa naɗin da ke sama na ce ya kwafa. A zatona na shida ne, tunda na bakwai ai na jefar da wayar. Ban san tana kwance a tabarma tana ta ɗauka ba.

Da na koma gida na ga jini a hijabin Uwata, ya bushe daga kunne zuwa kafaɗa. Na sayo maganin ɗigawa a kemis na miƙa wa uwar, ta karɓa ba ta dube ni ba. Hanyar Kano a rufe take, ni kuma na gaya wa kaina abin ba wani babba ba ne. Uwata ta daina fitowa in ta ji babur. Da buɗa-baki sai dai in hango ta can kusa da madafa, ta juya baya.

Kwana uku bayan nan, ina fitowa daga masallaci, wani dattijo ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Hedimasta, Allah ya saka. Wannan shi ne karatu! Ba irin na lallashi ba." Wani ya ce ai shi sau uku ya kunna wa 'ya'yansa. Na yi ta amsa godiya ina jin daɗi, ina cewa a raina ina ma Hajiya na nan ta ji.

A hanyar gida na bi ta bayan wani gida mai dangar kara, sai na ji muryata. Na tsaya. Na ji ina cewa nawa ne, nawa ne, na ji saukar igiya, na ji Uwata tana rantsuwa ta gane. Ta tsakanin karan na hango maigidan ya jingine waya a jikin turmi, ya riƙe ɗansa da hannu ɗaya, ɗayan hannun da tsumagiya. Duk sanda igiyata ta sauka a cikin wayar, tsumagiyarsa sai ta sauka a bayan yaron. Yaron bai fi shekara takwas ba, ko rabi bai sani ba balle sulusi. Ya yi fitsari a tsaye. Na dafa dangar har ta karye.

Daga nan shagon mai caji na wuce. Na ce ya goge. Ya ce gogewa ba wuya, amma abin ya riga ya bar hannunsa, an kai Ajingi, an kai Balan, masu babur sun tura wa juna. Ya ƙara da cewa, yana murmushi, duk darussan da aka kawo masa ba wanda ya samu karɓuwa kamar wannan. Ka ga mai hali ba ya barin halinsa, ban san sanda na shaƙe shi ba. Na buga kansa da katakon da wayoyi ke jere, wayoyin mutane suka tarwatse a ƙasa. Samarin da ke zaune a benci a bakin shagon suka taso mini. Wani ya make ni da gora a gadon baya, wani ya yi mini ƙafa na faɗi, suka rufe ni da duka da shuri. Cikinsu akwai waɗanda na koyar, na gane muryar ɗaya yana cewa, "Nawa ne? Nawa ne, Hedimasta?" Dattawa ne suka ƙwace ni, hula ta ɓata, haƙori ɗaya yana lilo.

Ina zaune a gindin darbejiya ina tofar da jini wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Na turo maka wani abu. Ka saurara, sannan ka kira ni."

Darasi ne na wani malamin makarantata, wanda ni na horar da shi tun yana sabon ɗauka. Ya zaunar da ɗansa yana koya masa jam'i da tilo. Daga tsakiya ya fara duka, ba ma cikin fushi ba, a natse, kamar wani sashe ne na darasin. A ƙarshe ya ce, "Kamar yadda shugabanmu ya nuna mana."

Na kira ta. Na fara kame-kame, zafi ne, azumi ne, kuskuren mai caji ne.

"Hedimasta," ta ce, "wata guda ina neman ka yi darasin da zai shiga kan mutane. Ga shi ka yi. Ba wanda ya taɓa koyar da iyaye da malamai cikin kwana uku kamar kai."

Na ce zan bi gida-gida in goge.

"Magana zarar bunu ce. Gobe za ka naɗi wani saƙo da bakinka, ka faɗi abin da ka yi, ka ce kada kowa ya kwaikwaye ka, ni zan raba shi. Ko za su saurara, Allah masani. Amma ba wannan ya sa na kira ba. Na ji ƙarar marin nan, na ji kai ya bugi bango. Wa ya duba kunnen yarinyar?"

Na ce na sayo mata maganin ɗigawa a kemis.

"Ka ba ta haƙuri?"

"Hajiya, 'yata ce fa."

"Na sani. Na ji abin da kake kiranta."

Ta kashe wayar. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ban taɓa tsanar hannuna kamar yadda na tsane shi a gindin bishiyar nan ba.

Na isa gida da la'asar sakaliya. Uwata tana zaune a bakin rijiya tana tsince shinkafar buɗa-baki a faifai, ta ba ƙofa baya. Uwar na madafa, yayyenta na ɗaki. A garinmu uba ba ya ba 'yarsa haƙuri, ban taɓa gani ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na lallaɓa na tsuguna a gefenta na hagu, na yi ƙasa da murya sosai don kada kowa ya ji.

Na ce mata na zalunce ta. Na ce ba laifinta ba ne, ta ba da amsa daidai tun a karo na shida, ni ne girman kai ya ci ni. Na ce mata duk gidan nan ba wanda nake so kamarta, kuma tun ranar ban yi barcin kirki ba. Na rantse mata da Allah hannuna ba zai ƙara taɓa ta ba, ba zai ƙara taɓa ɗan kowa ba. Na ce, "Uwata, ki yafe mini." Hawaye na zuba, suna haɗuwa da jinin bakina. Na daɗe ina magana, abin da ban taɓa gaya wa wani mahaluki ba duk na faɗa.

Hannunta bai daina tsintar shinkafa ba. Na ce a raina fushi ne, tana da gaskiya, zan jira. Sai wata tsakuwa ta faɗo daga faifan, ta juyo za ta ɗauka, ta gan ni. Ta zabura har shinkafar ta zube, ta ɗaga hannu ta kare kanta. Da ta ga ban motsa ba, ta sauke hannun a hankali. Ta dubi bakina, sannan ta karkato da kunnen dama wajena.

"Baba, magana kake yi?"