Irin Shinkafar Inna Mariyamu

Inna Mariyamu ba ta taɓa taka ofis ba sai a dalilina, har gobe kuma ina jin kunyar hakan. Sunana Cindo, ni ne malamin gona na ƙauyukan bakin tafki da ke kusa da Wara. Ita kuwa gajeruwar tsohuwa ce mai faɗan tsiya. Mijinta ya rasu ya bar mata fadama ɗaya, da ita take ciyar da jikoki huɗu.

An san ta da wata jar shinkafa da ake kira 'Yar Tsibiri. Mahaifiyarta ce ta ƙullo irin a bakin zane shekarar da ruwan dam ya ci tsohon garinsu. Ba ta da kyan gani, ba ta cika buhu da yawa, amma in ruwa ya taso sai ta miƙe ta bi shi har ta fi mutum tsawo. A cikin kwalekwale ake yankan ta. Inna na ajiye irin a tukunya da toka, ta liƙe bakin da laka.

Shekara bakwai da suka wuce jiharmu ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙasar Turai: masu bincikensu su kawo sabon iri, kamfaninsu ya sayi amfanin. Ni aka ɗora wa zagayawa da baƙin. Na sayi sabuwar hula, ina ta tafinta ina hura hanci kamar da ni aka sa hannu.

A gidan Inna wata baturiya ta roƙi cikin hannu ɗaya na tsohon irin, za su adana. Inna ta harare ni kamar na zage ta. Baƙo ya taso daga uwa duniya a sallame shi da cikin hannu? Ta fasa bakin tukunyar ta juye musu duka. Na san ganganci ne, amma ban hana ta ba, don a raina an gama da jar shinkafa.

Kamfanin ba ya karɓar buhun da aka ga jar ƙwaya ko ɗaya a ciki. Sai na bi gona-gona ina sa a tuge gyauron 'Yar Tsibiri duk inda ya fito. Maƙwabtan da ta taɓa sam wa irin suka dafa nasu suka cinye. Shekara uku sabon iri ya yi albarka, Inna ta yi wa ɗakinta rufin kwano, har ta rage zagina.

A ta huɗu ruwa ya zo da wuri. Sabon irin iyakarsa ƙugu, ya nutse ya ruɓe. Shekarar da ta biyo ma haka. Kafin nan gwamnati ta sauya, kamfanin ya kwashe injinansa, allon da suka kafa a bakin hanya wani mai shayi ya yi rumfa da shi.

Inna ta ce in karɓo mata irinta. Muka shiga mota har Birnin Kebbi, muka tarar da ofishin haɗin gwiwar a garƙame, maigadi ya ce an rushe shi tun bara. Na rubuta wa baturiyar takarda. Bayan wata takwas amsa ta zo: irin yana nan lafiya a ɗakin sanyi, an ba shi lamba, zai kai shekara ɗari bai lalace ba. Sai dai ba a miƙa shi ga mutum ɗaya, sai ofishin da ya sa hannu ya nema. Ita kuma ta bar aikin, kada in sake rubuto mata ta nan.

Na sami Inna a bayan injin casa na Wara, inda take sheƙe shinkafar mutane a ba ta tsaki. Na karanta mata amsar, na shirya shan zagi, har ina so ta zage ni ko na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta daɗe tana kakkaɓe faifanta.

"Shekara ɗari cikin ɗaki?" ta ce. "Malam, ka hwaɗa musu su dinga shibka ta ko kaɗan ne, inda ruwa ka tasowa. Ba ta saba da zaman ɗaki ba."

Na ce mata to, Inna, zan faɗa musu. Ba ni da wanda zan faɗa wa.