Mangwaron da Mama Ta Dasa

Mahaifiyata ta yi shekara da shekaru a Tambuwal ba ta dasa itace ko ɗaya ba. Kuɓewa da yakuwa kam duk damina tana zuba su a bayan ɗaki, don su kafin kaka an ci an share wuri. Amma abin da zai yi saiwa ya daɗe, a'a. Cewa take wanda zai koma gida ba ya dasa itace.

Gida a bakinta ƙasar Zuru ce, inda aka haife su ita da Baba. Aikin asibiti ne ya kawo Baba Tambuwal, wai na ɗan lokaci. Sai ya kwanta ciwon da kowa ya fid da rai, ya kuma tashi. Da ya tashi ya ce Ubangiji bai bar shi a banza ba, ya zaɓe shi ne don hidima. Hidimar kuwa tana garin Kebbe, da 'yar tafiya daga Tambuwal, inda wasu Kiristoci ƙalilan, 'yan sanda da malaman makaranta da aiki ya kai can, suke taruwa a wata rumfar kwano ba su da fasto. Baba ya yi wa Allah alkawari Lahadi ba za ta same shi ko'ina ba sai a rumfar nan.

Ya kuwa cika. Ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya sai ya tada babur. Ya dawo da taɓo har gwiwa yana waƙar yabo. Ni kuwa sai hura hanci nake a makaranta, ubana zaɓaɓɓe ne. Ko da aka ba shi damar komawa aiki ƙasarmu, cewa ya yi, "In na tafi, wa zai buɗe musu sujada?" Mama na tuƙa tuwo, ba ta ɗago kai ba.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Musulma da muke kira Inna, ita ta raɗa wa Mama suna Baƙuwa. Tana da dashen mangwaro a cikin gwangwanaye, kullum sai ta miƙo ɗaya ta kan katanga.

"Baƙuwa, amshi ki dasa. Mi kika jira? An ce baƙo raɓa na, ke taki raɓar ta ƙi bushewa!"

Mama ta yi dariya ta ce, "Inna, baɗi war haka ina gidan uwata. Wa zai sha?"

Wata Juma'a saƙo ya zo cewa kakata, uwar Mama, tana kwance tana kiran sunanta. Mama ta ɗaure kaya nan take. Ta ce Baba ya kai ta, don bayan wannan daɗewa ba za ta shiga garinsu ba miji ba, a ce an koro ta. Baba ya ce wannan Lahadin akwai jibin Ubangiji, ibadar da sai fasto ke bayarwa, ya kuma samo faston da zai zo daga nesa, su bari sai Litinin.

"Maigida, uwata ce fa."

"Wanda ya kira ni zai riƙe ta."

Litinin suka tafi. Sun iske an binne ta tun ranar Lahadi.

Da suka dawo Mama ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi! Washegari ta leƙa katanga ta ce, "Inna, ba ni dashen nan." Inna ta tsaya tana dubanta, ba ta yi tsokanar da ta saba ba, ta miƙo. Ni ko, sakarai, har da rawa. Ni na jawo ruwa a rijiya, ina murna za mu yi mangwaro a gida. Duk sanda na tuna rawar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Daga ranar Mama ba ta ƙara ambaton Zuru ba. Mangwaron ya girma, ya yi 'ya'ya, ta sha na shekara kaɗan. A Tambuwal muka binne ta.

Baba ya ci gaba da zuwa Kebbe har gwiwa ta fara ƙi. Mutanensa kuwa ma'aikata ne, yau an kawo, gobe an ɗauke. Har yau ban iya cewa aikinsa banza ne ba. Na ga manyan maza sun zo daga nesa sun durƙusa suna gode masa. Amma haushinsa na nan a raina, ba zan ɓoye ba.

Wata Lahadi na zo ganinsa, ya dawo da wuri, mutum biyu kawai suka zo sujada. Ya jingine babur ya zauna a gindin mangwaron, ko takalmi bai cire ba. Na kawo masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba.

Ya ce, "Ɗiyata, ni dai na ji kira, ban yi shakka ba ko sau ɗaya. Amma uwarki fa, ban taɓa tambayarta ko ita ma an kira ta ba."

Na zauna kusa da shi. Wadda ta san amsar ba ta nan, mu biyu muna zaune a inuwarta.