Sunan da Biba Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya sha fura a bakin tashar Agadez kafin a cika gari da ruwan leda, ya san Biba. Gajeriya ce, baƙa, mai ƙatuwar ƙwarya da ludayin duma. Ba ta tsinka furarta da ruwa, in kuma ka ce ta yi tsami sai ta ce bakinka ne. Matan yanzu da ke dama gari a roba suna kiransa fura, da ta ga aikinsu da ta zubar wa awaki.

Ba 'yar gari ba ce. Daga Damargu ta zo a shekarar babban fari, wadda soja suka fara karɓe mulki, tana goye da jinjiri. Mijinta ya kwanta a hanya bai tashi ba, ƙauyensu ya watse, kowa ya bi inda ƙafa ta kai shi. Jinjirin nan ɗan farinta ne. An yanka masa ɗan akuyar da ya rage, liman ya raɗa suna, amma da yake ranar Litinin aka haife shi, Altine ya bi shi. Da shi ya girma, shi aka rubuta masa a takardar ɗan ƙasa. Sunan yankan kuwa gwaggonsa ce ta faɗa masa kafin ta rasu, daga nan bai sake fita a bakin kowa ba.

Biba ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ko Altinen ba ta faɗa, balle na yanka. "Wancan" take cewa. Wancan ya ci? Wancan ya dawo? In ya shigo gida sai ta juya ta yi wa tukunya magana, shi kuma ya amsa wa tukunyar. Amma gindin ƙwarya, inda nono ya fi kauri, kullum nasa ne.

Altine ya yi dakon albasar Tabelot, ya yi tuƙin Turawa masu yawon duwatsu, har aka zo shekarar da komai ya tsaya. Turawa sun daina zuwa, damina ta ƙi, soja sun sake hawa a Yamai, gero ya zama abin kallo a kasuwa. Sai ya ce zai tafi Libiya. Biba ta ce wa tukunya, "To."

Kafin ya tafi ya kai ta siber ɗin Illiya, wani ɗan shago kusa da tasha mai ordinatar, wato kwamfutoci, jere a bango, inda samari ke zama kamar masu jiran liman. Illiya dogo ne siriri, mai haƙuri da tsofaffi, ba shi da aibu sai yawan bayani.

"Inna Biba, akwati za mu buɗe miki," in ji shi. "Saƙon Altine zai riƙa faɗowa ciki, ni kuma in karanta miki."

"Ina akwatin?"

"Ba ya nan. Yana cikin wata babbar na'ura can ƙasar Turawa, kamar rumbu. Wannan ta gabanki ƙofa ce kawai. Saƙo yana biyo rezo, daga na'ura zuwa na'ura, yadda ayari ke bin rijiya zuwa rijiya har ya iso."

"Wa ke gadin rumbun?"

"Kod. Kalma ce ta sirri, ita ce makulli."

"Kai ka riƙe makullin."

"A'a, Inna. Ba na riƙe kod ɗin kowa. Wanda ya san kod ɗinki ya zama ke."

"Allah ya sawwaƙe maka zama ni, da wannan wuyan naka."

Altine ya buga kod da hannunsa, Illiya ya kawar da kai, aka sa na'urar kusurwa ta riƙe shi don tsohuwa. Sai na'ura ta nemi tambayar sirri, wadda ake amsawa in makulli ya ɓata. Altine ya yi dariya ya rubuta: mene ne sunana na yanka? Ya buga amsa, ya ce wa Illiya, "Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san shi bayan ni, kuma ko wuƙa aka sa mata ba za ta faɗa ba. Nemo mini kullen da ya fi wannan a duk Abzin."

Biba tana ji, ta yi kamar kwalliyar bango take kallo.

Haka aka yi ta yi. Kowace Juma'a in an sauko masallaci, sai ta rufe ƙwarya da faifai, ta ɗebo wa Illiya kofi guda, ta zauna a kujerar kusurwa. "Wancan ya yi magana?" Illiya ya karanta: ya isa Sabha, ya samu aikin gona, abincinsu taliya ce safe da yamma. Ita kuma ta ba da amsa ba ta kallon na'ura: "Ka ce wa mutanen can su riƙa rufe ƙirji, ana sanyi." In rezo ya ɗauke, sai su zauna jira, tana zagin raƙuman da suka kwanta a hanya da saƙonta.

Saƙo na ƙarshe ya ce zazzaɓi ya kama shi, kuma za a mayar da su wata gona can gaba da Sabha, inda ba waya. Juma'ar da ta biyo, Biba ta tarar da Illiya zaune ya dafe kai, na'urori duk a kashe.

"Wa ya mutu?"

"Birus ne, Inna. Wani ya zo da kile ya soka, ɗan abin nan da ake ɗaukar hotuna da takardu a ciki. Ashe da cuta a jikinsa. Ta bi waya ta kama na'urorin duka. Dole na wanke su tas, abin da suka riƙe ya tafi."

"Har saƙon wancan?"

"Saƙo yana rumbu, ba abin da ya same shi. Makullin ne ya tafi."

"Sai ka aika masa ya ba ka wani."

"Adireshinsa ma yana ciki, Inna. Harufa ne da lambobi, ban haddace ba." Ya sosa ƙeya. "Hanya ɗaya ce. Tambayar nan."

Biba ta ɗauki kofinta da furar a ciki ta fita. Ranar Illiya bai sha ba.

Ta yi ƙoƙari, kada wani ya ce ba ta yi ba. Ta bi direbobin Dirku, masu bin hanyar Libiya, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ga Altine. Ta nemi mutanen Damargu a kasuwar dabbobi, ko akwai wanda ya halarci sunan, aka ce wanda ya rage ya rasu bara. Ba ta iya rubutu ba balle ta zana a ƙasa. Da ta rasa dabara, sai ta koma da kewaye-kewaye irin na mata.

"Ka san mai goron bakin tasha? To, sunansa ne."

Illiya ya buga Lawali. Na'ura ta ƙi.

"Ba wannan mai haƙoran ba! Na da, wanda ya mutu."

"Inna, ni da Ɗan Tsoho na san shi."

"Ku 'yan lakwal masu boko ba ku san sunan kowa ba sai na Turawa!"

Ya gwada Amadu, ya gwada Seydu, sannan ya janye hannu. "Ba zan ƙara ba. In aka yi ta kuskure, za ta ɗauka ɓarawo ne ke lalube, ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Aikinta ke nan, ba ta san uwa ba. Ki raɗa mini a kunne, wallahi ba mai ji."

"Ni zan ji," in ji Biba.

Samarin da ke sauran kujeru sun daina buge-bugensu, kowa ya miƙa kunne. Can ta ɗaga kai ta dube su.

"Ku, marasa aikin yi, waje. Kai ma mai hular, uwarka na nemanka."

Suka fita suna dariya, ta sa Illiya ya tura ƙofa. Ta tashi ta juya masa baya, ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe fuska. Illiya ya ɗora yatsu a kan harufa yana jira. Ya zaci raɗa za ta yi. Sai ya ji ta ɗaga murya, irin yadda mace ke kiran yaro daga bakin zaure in tuwo ya sauka:

"Lukumanu!"

Muryar ta tsage a tsakiya, don ba ta taɓa bin wannan hanya ba. Illiya ya buga, na'ura ta yi ɗan tunaninta, akwati ya buɗe.

Saƙo biyu ne ke jira. Na farko ya ce zazzaɓi ya sauka, yana cin abinci. Na biyu ya ce ya ji shiru, ko lafiya, kuma in Allah ya yarda zai zo babbar salla. Biba ba ta juyo ba sai da aka karanta mata su sau biyu. Sannan ta gyara mayafi, ta share hanci, ta ce, "Ka ce wa mutanen can an ji. Kuma wanda ya ƙulla wannan tambaya ba shi da kunya."

Illiya ya sa ta zaɓi sabon kod, ya nuna mata inda za ta danna da yatsanta, ya kawar da kai. Ya sauya tambayar ma, ya ce kullen da aka buɗe a gaban wani ya tashi daga kulle.

Altine ya dawo da salla, ya rame, ya zo mata da bargo. Ta ce wa tukunya, "An dawo?" ya ce wa tukunya, "An dawo." Bai taɓa tambayar yadda aka buɗe akwatin ba, ko da yake kod ɗinsa ya daina aiki kuma ba wawa ba ne. Illiya kuwa har ya rufe siber ya koma sayar da wayoyi, ba wanda ya ji sunan nan a bakinsa, duk da samarin da suka yi ta zolayarsa. Sai bayan Biba ta rasu, ranar sunan ɗan Altine na fari, liman ya faɗi sunan nan a gaban jama'a da ya zo ambaton uban jariri. Illiya yana cikin taron, shi kaɗai ya sunkuyar da kai.